Takalman Goggo Tasya a Bakin Tarko

Faɗin kafaɗar Taisiya Yegorovna santimita talatin da huɗu ne. Ni na auna da hannuna ranar da za a ɗinka mata sabuwar farar rigar aiki, tana ta mita wai ko akwatin gawa zan yi mata. Wuyan Tarko kuwa, inda ya fi ƙunci, santimita talatin da takwas ne. Mu goma sha ɗaya ne a zauren, kuma in ka cire ta babu wanda kafaɗarsa ta gaza arba'in da uku. Tawa arba'in da shida. Saboda haka duk abin da ke bayan wuyan nan, ita kaɗai ta taɓa sa hannu a kansa tun ranar da aka haɗa na'urar.

Tarko muke kiran na'urar. Dogon tulun ƙarfe ne a kwance, mita goma sha huɗu, tsakiyarsa da faɗi, gefe biyun a shaƙe kamar wuyan kwalba, kowane wuya kuma ya buɗe cikin wani ɗan tanki. Zobban maganaɗisu goma sha tara ne suka kewaye shi. Sai an zuƙe iskar ciki kaf, sannan a saki ɗan haidurojin, a dafa shi har ƙwayoyinsa su rabu, ya zama filasma. Zafinta babu bangon da zai ɗauka, maganaɗisu ne ke riƙe ta a tsakiya. Ƙwayoyin da suka rabu, waɗanda ake kira ayon, suna tafiya suna murɗawa kamar zare a jikin mazari, in sun isa wuya, inda maganaɗisun ya fi matsewa, sai su juyo baya kamar haske a madubi. Amma wadda ta taho a miƙe ba ta juyowa, ta wuyan take sulalewa ta tafi da zafinta. Shugabanmu Veniamin Osipovich, gashin kansa ya ƙare ne wajen neman yadda zai rage masu sulalewar nan. Duk wutar kuma ba ta kai ƙiftawar ido ba take mutuwa.

Ni Gleb, mai kula da kaya. In wani abu ya ƙare ni ake turawa, kuma ban taɓa dawowa hannu wofi ba. Tagogin gilashi bakwai da ke jikin Tarko, waɗanda ake leƙen filasma ta cikinsu, sai da na yi tafiyar jirgin ƙasa har yankin duwatsun Ural sau biyu kafin na raba masana'antar da su.

Abokin gabar filasma shi ne datti. Shatin yatsa ɗaya a bangon ciki ya isa: filasma ta lashe shi, ƙwayoyi masu nauyi su shiga cikinta, ta huce nan take. Don haka duk lokacin da aka buɗe Tarko, sai an goge cikinsa da sifirit, wato tatacciyar barasa, daga wannan tanki zuwa wancan. Wannan ne aikin Taisiya Yegorovna, wadda muke kira Goggo Tasya.

A wani ƙauye na bakin kogin Ob aka haife ta, ƙauyen da ruwan madatsa ya shanye daga baya. Yaƙi ya same ta tana ƙarama. Takan ce ɓawon dankali da ganyen daji ne suka hana ta tsawo, kuma ba ta yafe musu ba. Mijinta direban katako ne, ƙanƙarar kogi ta fashe da shi da motarsa wata shekara, ya bar ta da 'ya ɗaya wadda yanzu take koyarwa a Tomsk. Da shara ta fara a cibiyar bincikenmu. Wata rana wani noti ya gangara ya faɗa bayan wuyan Tarko, manyan masana suka tsaya cirko-cirko suna shawarar a kira ƙugiyar ɗaga manyan kaya a kwance tankin. Ta jingine tsintsiyarta ta ce, "In noti ne kawai, ku ba ni tocila." Tun daga ranar ba ta sake riƙe tsintsiya ba.

Mutane sun ɗauka ba ta da tsoro. Ni na san ba haka ba ne, domin ni nake ba ta kayan shiga: tsumma talatin, kwalbar sifirit ɗaya, tocila ɗaya, safar ƙafa fara, hula mai rufe kunne da baki. Hannunta sanyi ƙalau yake in ta karɓa. Takan juya baya ta yi alamar giciye a ƙirji da sauri, ta ɗauka ba na gani.

"Goggo Tasya, har yanzu?" na taɓa tambayarta.

"Glebushka, kai dai ƙirga tsummanka. Ranar da na daina jin tsoron wannan tulun, ranar zai cinye ni."

Al'adar zauren ba a rubuce take ko'ina ba, amma ko baƙo ya zo sai an faɗa masa. Ba a shiga Tarko da takalmi. Goggo Tasya takan cire dogayen takalmanta na ulu ta jera su a bakin ƙofar shiga, wani zagayayyen murfi mai noti ashirin da huɗu a tsakiyar tulun. Muddin takalman nan suna tsaye, akwai mutum a ciki, babu mai taɓa murfin. In babu su, ta fito. Ba a kuma zura kai a ƙwala kira, domin tururin baki ma datti ne. Mun taɓa ganin Veniamin Osipovich ya kori wani babban baƙo daga bakin murfin don ya yi atishawa.

Mutum ɗaya ne yake tsokanarta ba ta fushi, wato Gavril Lukich, babban makanikinmu, ƙato mai ƙasumba, wanda kowa ke kira Lukich kawai. Matarsa ta rasu da daɗewa. Kullum sai ya kawo tuffa biyu daga gonarsa, ya ce ɗaya ta yi masa yawa.

"Ɓera, yau ma ramin?" yakan ce.

"To wa zai shiga, kai? Tumbinka ko ƙofar zauren da dabara yake wucewa."

"Ki auri mai tumbi ki huta, na gaya miki."

"In huta da wankin rigunan da suka kai labule? Matsa min, tsohon banza."

Abin ya faru ne a farkon bazara, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, hanyar dajin da muke bi zuwa aiki ta zama kunu. Goggo Tasya ta iso takalmanta sun sha ruwa sharkaf. Ta cire su a bakin murfin, ta sa farar safa, ta karɓi kayanta, ta shige. Tankin gabas ne ya rage mata, wanda ya fi nisa daga ƙofar zaure. Veniamin Osipovich yana sauri a ranar, domin ya sauya jerin zobba biyu kuma yana so ya ga ko ayon za su ƙara daɗewa. Ya ce wa Fomin, mai kula da famfunan zuƙe iska, "Da zarar Taisiya Yegorovna ta fito, ka rufe ka tayar da famfo, kafin mu gama cin abinci ya yi nisa."

Lukich ya zo wucewa ya ga takalman a tsaye cikin ɗan tafkin ruwan da ya tsiyaye daga jikinsu. Ya ce a ransa, matar nan za ta fito ta zura ƙafa cikin wannan sanyin, ta kwanta ciwo. Ya ɗauke su ya kai ɗakin shayi ya ɗora kan bututun ruwan zafi, da niyyar ya dawo ya tsaya a bakin murfin da kansa har su bushe. Yana fitowa aka kira shi waje, motar tukwanen gas ta maƙale a caɓi a bakin ƙofa. Ya tafi turi.

Fomin ya zo da abokin aikinsa. Babu takalmi. Ya leƙa daga nesa kamar yadda aka koya masa, baki a rufe, ya ga duhu. Suka ɗora murfi, suka ɗaure noti ashirin da huɗu, Fomin ya tayar da famfo, suka wanke hannu suka taho cin abinci.

Ɗakin shayinmu yana bayan bango mai kauri, ƙofarsa tana kallon gabashin zauren. Miyar kabeji tana kan risho, an yanka baƙin burodi, ana gardamar ko kifi ya fara cin ƙugiya a madatsa. Ta ƙasan ƙafa muna jin bugun famfo, duf, duf, duf, sautin da muka saba da shi har ba ma jinsa. Na ɗauki cokali, idona ya faɗa kan ƙusoshin da ke bayan ƙofa, inda nake rataye tocila. Ƙusa shida, tocila biyar.

Ban tsorata ba tukuna. Na ce wataƙila ta wuce wanke hannu da ita. Amma kwalbar sifirit fa? Hannu da hannu take dawo min da ita kullum, ba ta ajiyewa ko'ina, domin ta san halin mazan zauren. Na waiwaya ina neman kwalbar, sai na ga takalman a kan bututu, tururi yana tashi daga jikinsu.

"Ina Goggo Tasya?" na ce.

"Ta fito tun ɗazu," in ji Fomin, bakinsa cike da burodi. "Ƙila tana layin kanti, an ce an kawo man shanu."

"Da safa ta tafi kantin?" na ce, ina nuna takalman.

Ya bi hannuna da kallo. Ya daina tauna.

Daidai nan Lukich ya turo ƙofa, wandonsa duk caɓi, yana murza hannu yana dariya. "Ku matsa min kusa da wuta, 'yan hutu. Ɓera ta fito? Na gasa mata takal..."

Bai ƙarasa ba. Ya ji abin da ke bugawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba, kamar an zare mata ƙashi.

Kujeru suka kife. Ni na fara fita, kuma abin da na gani har yau yana zuwa min in na rufe ido. A jikin tankin gabas akwai taga ɗaya mai faɗin tafin hannu, tana kallon ƙofarmu. Tagar nan baƙa ce kullum, sai in filasma ta haska. Yanzu akwai haske a cikinta, ɗan rawaya, yana kunnuwa yana mutuwa, yana kunnuwa yana mutuwa. Daga baya ta gaya mana cewa da kunnuwanta suka toshe ta gane an rufe ta a ciki an tayar da famfo. Ta rarrafo ta wuya har bakin murfin, ta doka da hannu, ta doka da gwiwa, babu kowa a zauren. Sai ta tuna tagar da ke kallon ɗakin shayi, ta sake komawa ta cikin wuyan, numfashi yana gagararta, ta kafa tocila a gilashin.

Fomin ya daki jan maɓalli da tafin hannu. Famfo ya yi tari ya tsaya. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni.

Na duba ma'aunin iska. Iskar da muke shaƙa ɗari bakwai da sittin take nunawa. Allurar tana kan ɗari uku da arba'in. Ƙasa da rabi. Masu hawan manyan duwatsu sukan yi makonni suna sabawa kafin su kai irin wannan wurin, ita kuwa an jefa ta can tsakanin ɗora miya da saukewa.

Na manna fuska a tagar. Hasken ya yi rawa, ya zame, ya faɗi ƙasa. Ya tsaya cak yana haska bangon ƙarfe.

"Murfin! Ku kwance murfin!" wani yake ihu. Mutum biyu sun riga sun kama sifana.

"Ba zai buɗu ba," na ce, kuma muryata ban gane ta ba. Faɗinsa santimita sittin, iskar waje tana danne shi da nauyin tan ɗaya da rabi. Ko duk notin sun fita, sai iska ta koma ciki kafin ya motsa.

"To a sa iska!" Lukich ya yi ruri. Ya ruga da gudun da ban san yana da shi ba, ya kama babban bawul, makunnin bututu mai shuɗin hannu, ya murɗa. Muka ji tsss.

Babu wanda ya ga laifinsa a wannan daƙiƙar, har ni. Shekara da shekaru, duk ranar da za a buɗe Tarko, wannan bawul ɗin ake murɗawa. Ba a taɓa barin iskar ɗaki mai laima ta shiga ba. Busasshen naitirojin ake cika shi da shi, daga baya a buɗe murfi a bar shi ya sha iska kafin mutum ya shiga. Hannun kowannenmu can zai tafi ko cikin barci.

Veniamin Osipovich ne ya yi tsalle. Mutum ne siriri mai tabarau, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya faɗa kan Lukich da kafaɗa, ya cafke hannunsa.

"Gavril Lukich, rufe! Rufe! Naitirojin ne, kashe ta za ka yi!"

"Iska take so!"

"Ba iska ba ce wannan! Shaƙa biyu ta mutu, ba ta ma sani ba! Rufe, don Allah!"

Lukich ya dubi hannunsa a kan shuɗin ƙarfen kamar hannun wani ne. Ya mayar da bawul ɗin. Ya zauna a ƙasa daɓas.

Akwai bawul na iskar ɗaki, amma bututunsa bai fi ɗan yatsa ba, kuma ta cikin matata yake bi. Fomin ya buɗe shi har ƙarshe. Muka zuba wa allura ido. Da ƙyar take motsi. Na yi lissafi a kaina na ga abin da ba na so in faɗa, na kuwa faɗa: kafin ya cika, an wuce awa.

Veniamin Osipovich ya cire tabarau, ya mayar. Ya dubi tsawon Tarko daga gabas zuwa yamma.

"Gleb. Tagar tankin yamma. Fasa ta."

"Iskar za ta shiga da ƙarfi, kunnuwanta..."

"Na sani. Ta yamma, nesa da ita, kada gilashi ya same ta. Yi sauri, ɗana."

Na ɗauki sifana mafi girma a kan tebur na ruga. Gilashin nan kaurinsa ya kai yatsa biyu, an yi shi ne don kada ya fashe, ni da bakina na roƙi masana'antar su ƙara masa kauri. Dukan farko sifanar ta dawo ta kusa tsinke min wuyan hannu. Na biyu ya bar farin tabo kawai. Ina jin Fomin a can gabas yana cewa, "Ba ta motsi, ba ta motsi." Na kama da hannu biyu, na ja baya, na sake da duk nauyina.

Ban ji fashewar ba. Abin da na ji wani kuka ne, kamar jirgin ƙasa ya shigo zauren. Sifanar ta fizge daga hannuna ta manne a bakin ramin, hulata ta bi, takardun da ke kan tebur suka tashi sama. Dukan tulun yana rawa a kan ƙafafunsa. Na toshe kunne ina tunanin ita da ke ciki ba ta da inda za ta ɓoye kanta. Sai kukan ya sauka, ya zama fito, ya ɗauke.

"Ɗari bakwai da sittin!" in ji Fomin.

Mutum huɗu a kan noti ashirin da huɗu, shida-shida. Lukich ya tashi ya karɓe sifana daga hannun wani, hawaye yana bin ƙasumbarsa, yana kwance nasa yana kwance na maƙwabcinsa. Murfin ya faɗi gefe da ƙara. Ban jira kowa ba, na fizgi tocila na zura kai.

Ban taɓa shiga Tarko ba sai ranar. Ƙura tana yawo a cikin hasken, ɓarɓashin gilashi yana cizon gwiwata, warin sifirit ya cika ko'ina. Bangon yana matsowa a hankali yayin da nake rarrafawa gabas, daga durƙuso na koma jan ciki. Na isa wuyan. Na tura hannu ɗaya da kai, kafaɗata ta ci karo da ƙarfe ta tsaya. Na karkata, na fitar da numfashi duka, na sake turawa. Babu hanya.

Tsawon wuyan ya kai mita guda. A can ƙarshensa na hango tafin ƙafa ɗaya cikin farar safa.

"Goggo Tasya! Goggo Tasya!"

Muryata ta zagaya cikin ƙarfen ta dawo min. Ƙafar ba ta motsa ba. Na miƙa hannu har jijiyar wuyana ta yi ƙara, tsakanina da ita saura taƙi biyu. Daga baya ina jin Veniamin Osipovich yana tambaya ta bakin murfi, "Gleb, me ka gani? Gleb?" Ban amsa ba. Na riƙe numfashina na saurara. Bugun zuciyata ya cika min kunne. A ƙarƙashinsa, can ƙasa, akwai wani abu kamar minshari, ya zo, ya ɗauke, ya daɗe, ya sake zuwa.

"Tana numfashi!" na ce. A waje wani ya fashe da kuka, ban san ko wane ne ba.

In za a kwance tankin da ƙugiya, sai dare. Babu mai shiga ya ɗauko ta. Dole ta fito da kanta, ta hanyar da ita kaɗai ke wucewa. Na ci gaba da kira har maƙogwarona ya bushe, sai na lura yatsun ƙafar sun lanƙwashe. Ƙafar ta janye. Na kira da ƙarfi, ba ta juyo ba. A nan na gane ba ta jina ko kaɗan. Na ɗaga tocila na yi abin da ta yi mana, na kunna na kashe, na kunna na kashe.

Fuskarta ta bayyana a bakin wuyan. Hular ta zame, jini ya gangaro daga kunnuwa biyu ya haɗu a haɓa, idanunta jajur. Tana kallona kamar ba ta san ni ba. Na yafito ta da hannu. Ta girgiza kai. Na sake yafitowa. Ta daɗe tana kallon ramin da ta bi ta cikinsa sau ɗaruruwa, sannan ta miƙo hannuwa gaba, ta shigo.

A tsakiya ta tsaya. Numfashinta ya zama gajere-gajere, ƙirjinta yana kumbura, kafaɗunta suka cika wuyan dam. Ba gaba ba baya. Bakinta a buɗe, tana wani sauti siriri. Yatsuna suka taɓa nata, na ƙara miƙewa, na cafki wuyan hannunta.

"Ku ja ni!" na yi ihu. "Ku ja ƙafata!"

Ashe Lukich ya cusa kansa ta murfin, ya biyo ni har inda jikinsa ya yarda. Na ji hannuwa kamar matsi sun kama idon sawuna. Ya ja. Rigarta ta yage a kafaɗa, na ji ƙarar, sai ga ta ta fito gaba ɗaya ta faɗo a kaina, mara nauyi kamar yarinya.

Muka shimfiɗe ta a ƙasa. Ta riƙe wuyan hannuna, shatin farcenta ya kwana biyu bai ɓace ba. Sai da masu motar asibiti suka ɗora ta a gadon ɗauka, ɗayansu ya kai hannu zai ja ƙofar motar, sannan ta yi magana, da ƙarfin wanda ba ya jin muryarsa: "Kada ku rufe! Kada ku rufe!" Haka suka tafi da ita, Veniamin Osipovich yana zaune a bakin motar yana riƙe da ƙofar a buɗe.

Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama ya dawo rabi. An yi bincike, an kawo kwaɗon da zai hana rufe murfin, da mabuɗi wanda mai shiga zai rataya a wuya. Lukich ya je asibiti ya tsaya a bakin ɗakin da hularsa a hannu, ta juya fuska bango. Ya sake zuwa, ta sake juyawa.

Tarko kuwa ya cika da gilashi har cikin tankuna biyun. Veniamin Osipovich bai nemi komai a wurinta ba, ya ce a shirya ƙugiya, ko da aikin zai cinye bazarar duka. Amma ranar da za a fara kwancewa sai ga ta ta shigo zauren, ta rame, auduga a kunne.

"Glebushka, kayana," ta ce da ƙarfi.

"Taisiya Yegorovna, babu wanda ya ce..." Veniamin Osipovich ya fara.

"Me? Ku daina motsa baki, ba na ji. Kayana."

Na ba ta. Lukich ya zo ya zauna a bakin ƙofar Tarko ya zura ƙafarsa ɗaya ciki har cinya, yadda babu murfin da zai rufu sai an datse ta. Ba ta dube shi ba. Ta durƙusa, ta shigar da kai, ta shigar da kafaɗu. Ta tsaya. Muna kallon bayanta yana rawa. Ta ɗan ƙara gaba kamar taƙi ɗaya, sai ta ja da baya a hankali ta fito, ta zauna a ƙasa, gumi ya jiƙa mata hula.

"Ba zan iya ba, Veniamin Osipovich."

Ya durƙusa ta wajen kunnenta na dama. "To, shi ke nan. Za mu kwance shi."

Aka kwance. Bazara ta wuce, kaka ta shigo kafin filasma ta sake haskawa. Ita kuma aka mayar da ita ɗakin wanke kwalabe a hawa na biyu, mai babbar taga. Ba ta hawa lif, ba ta shiga bas, da ƙafa take ratsa dajin ko ana zuba ƙanƙara. A ɗakin nata takan tokare ƙofa da bokiti, amma iskar baranda takan ture shi, kuma duk lokacin da ƙofar ta buga sai an same ta a tsaye tana haki, kwalba a fashe a ƙasa.

Wata safiya na hau kai mata sabulu, na tarar da Lukich a durƙushe da sukundireba yana kwance ƙofar daga jikin bango. Tana tsaye a kansa, hannu a ƙugu. Ya cire sukurori shida, ya ɗaga ƙofar ya rungume ta, ya tsaya yana rarraba ido.

"Ina zan kai ta, Tasya?"

"Me?"

"Na ce ina zan kai ta!"

"Ina ruwana? Inda ba zan gan ta ba. Kuma ka bi a hankali a matakala, tsohon banza, kada ka faɗo a ce ni ce."